Me ke riƙe marubuci a kan rubutu kullum?

Malama daga Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zaurukan marubuta na WhatsApp kan tashi da zafinsu, a yi sati uku ana zuba rubutu, daga nan sai gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure. Waɗanda suka daɗe a harkar nan su taimaka mana da abin da suka ga yana raya zaure, da abin da ke kashe shi.

Malamin makaranta, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Malama. Yawan jama'a shi ne cuta ta farko. Zauren da ya haura mutum 12 kowa sai ya ɓuya bayan wani. Takwas zuwa goma sun isa. A ba da matashiya, wato ɗan batun da kowa zai yi rubutu a kansa, ranar Asabar bayan Asuba, a rufe karɓar rubutu daren Talata, Laraba da Alhamis a yi karatu da gyara, Juma'a a huta. Ba da matashiyar kuma ya riƙa zagayawa, domin in mutum ɗaya ke yi, ranar da wayarsa ta lalace zaure ya mutu. Kason kullum kada ya wuce kalmomi 200, wato kimanin shafi guda na littafin 'yan makaranta. Wanda ya ɗora wa kansa 1,000 a rana zai yi kwana uku, na huɗu ya kasa, kunya ta hana shi dawowa.

Hajiya mai rubuta gajerun labarai: Gaskiya ne Malam, amma ni a wajen matashiyar nake ganin ɓarna. A ce wa mutane "ku rubuta a kan haƙuri" ko "talauci", abin da za a samu wa'azi ne guda goma masu kama da juna. Matashiya tana son abu uku: mutum, wuri, da abin da ya matsa masa yanzu. Misali: mai sayar da fura a tasha, la'asar ta yi, nono ya fara tsami, ga mai binta bashi can yana tahowa. Ko yaron da aka aika niƙa ya yar da kuɗin a hanya. Nan take marubuci zai ga ƙwarya, ya ga ludayi, ya ji abin da za a ce. A ƙara sharaɗi guda kawai, kamar a ce labarin duk hira ce, ko kada kalmar "soyayya" ta fito ko sau ɗaya. In sharuɗɗa suka kai uku, abin ya zama jarrabawa. Mai niyyar shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake neman kalmomi 1,000 zuwa 1,500, sai ta ɗauki matashiya ɗaya ta raba ta sati biyu: na farko zuba, na biyu yanka.

Ɗalibi a jami'a: Hajiya, karin magana fa? Ana yawan ba da ita.

Hajiya: Ana iya yi ɗana, sai dai a hana rubuta karin maganar a cikin labarin. Mai karatu ya gano ta da kansa. In ba haka ba za a ƙirƙiro mutane don kawai su tabbatar da ita.

Sha'iri daga Daura: Mu masu waƙa ba jigo kaɗai muke buƙata ba. A faɗi tsarin baiti da amsa-amo tun farko. Sabon hannu ya fara da ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango (layi) biyu, ya yi baiti biyar a sati. Kada a yi masa gaggawar ƙwar biyar, inda ɗango huɗu ke da ƙaramin amsa-amonsu, na biyar ya komo kan babba. A guji ba da "-wa" ko "-na" kullum, sun cika sauƙi, mutum zai yi ta liƙa su ba ma'ana. Sannan dole a turo waƙa da murya. Karayar kari, wato ma'aunin sautin waƙa, ba ta cika fitowa a ido ba, amma da an rera za a ji inda aka sa gaɓa mai nauyi a gurbin marar nauyi, numfashi ya sarƙe.

Mai gyaran rubutu, Ƙofar Soro: Kada a rubuta kai tsaye cikin WhatsApp. A rubuta a takarda ko Google Docs, sannan a kwafo. A kuma sa Hausa a Gboard, wato allon buga rubutu na waya, don a samu ƙ, ɗ da ɓ, kada "ƙafa" ta koma "kafa". Wajen gyara, "masha Allah, ya yi daɗi" ba ta ƙara wa kowa komai. Kowane rubutu a ba shi masu karatu biyu, kowa ya nuna jimla ɗaya da ta tsaya masa a rai da wuri ɗaya da ya rikice. Kurakuran raba kalma, irin su "dashi" maimakon "da shi", a tura ta bayan fage, domin in aka yi su a bainar jama'a sai su cinye maganar labarin.

Malama daga Ƙofar Marusa: Allah ya saka da alheri. Wanda ya yi shiru sati biyu fa, a cire shi?

Malamin makaranta: A'a Malama, a kira shi, kuma a ba shi juyin fitar da matashiya ta gaba. Da azumi kuwa a rage kason zuwa kalmomi 50 bayan sahur, a ɗage gyara sai bayan Sallah.