Na ga kuskure a takardar oga: in gaya masa ko in kai wa darakta?

Sabon Ma'aikaci:

Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara aiki a wata ma'aikatar gwamnati ba, ina mataki na 8. Shugaban sashenmu ya rubuta takardar neman kuɗin gyaran ofis, aka turo mini fayil ɗin in haɗa masa takardun farashi. Da na tara kuɗin kayan ɗaya bayan ɗaya sai na samu naira 2,450,000, shi kuwa 2,540,000 ya rubuta, kuma ya riga ya sa hannu. Babban mutum ne, a haife ya haife ni, kuma ba ya son gyara. Wani abokin aiki ya ce in ja bakina in yi shiru, wani ya ce in wuce wurin darakta kai tsaye. Don Allah wanne ne daidai?

Tsohon Akanta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, duka biyun ba su ba ka shawarar kirki ba. Shiru ba zai fisshe ka ba, domin fayil ya bi ta hannunka, kuma ran da masu binciken kuɗi suka gano bambancin, duk wanda fayil ɗin ya ratsa teburinsa sai an tambaye shi. Zuwa wurin darakta kuwa tsallake ne. Abu na farko da zai tambaye ka shi ne ko ka nuna wa oganka. In ka ce a'a, kai ne za ka fita da sunan mai kai tsegumi, ko da lissafinka ne daidai.

Kafin ka ɗaga ƙafa, sake tara kuɗin sau biyu, daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama. Duba ko akwai kuɗin dako ko harajin kaya na VAT da ya sa a jimilla bai rubuta a jeri ba. Harajin kashi 7.5 ne cikin ɗari tun shekarar 2020, wato a kan 2,450,000 zai kama 183,750, don haka ba shi ba ne. Bambancin naka 90,000 ne, kuma 9 tana raba shi ba saura. A wurin masu lissafi wannan alama ce ta an juya lambobi biyu, an buga 54 a maimakon 45. Ka ga ke nan mai yiwuwa tuntuɓen yatsa ne, ba cuta ba, kuma da wannan zaton ya kamata ka shiga.

Sai zaɓen lokaci. Ba da safiyar Litinin ba, ba yana da baƙi ba, ba yana haramar tafiya masallacin Juma'a ba. In yana da sakatare, tambaye shi ko oga shi kaɗai ne. Ƙwanƙwasa, yi sallama, jira a amsa. Gaisa gaisuwa cikakkiya, kada ka miƙa hannu sai shi ya fara miƙowa, kada ka zauna sai ya nuna maka kujera. Buɗe fayil ɗin a shafin, juya shi ya fuskance shi, ka ajiye da hannu biyu tare da 'yar takardar da ka yi lissafinka a kai. Sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, ina haɗa takardun farashi ne na ga jimillar tawa ba ta zo ɗaya da ta shafin nan ba. Na ce bari in kawo a duba kafin ya wuce sama." Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya gano da idonsa. Kalmar "kun yi kuskure" kada ta fito daga bakinka. Babba in ya ga kuskurensa da kansa, ba a gaban kowa ba, gyarawa yake yi cikin minti biyu.

Hajiya ta Rajista:

Baba Akanta ya gama magana a kan shiga ofis. Ni a kan fayil ɗin zan ƙara, don a nan yara suke jawo wa kansu.

Kada ka gyara lambar da hannunka, ko da ka tabbata. Takardar da wani ya sa wa hannu ba taka ba ce. Kada ka shafa mata farin ruwan goge rubutu, kada ka cire shafin ka sa wani. Shafukan fayil suna da lamba a jere, in aka ga na 14 ya ɓace ko an sauya shi, laifin ya fi na kuskuren lissafi nauyi nesa ba kusa ba. Mai takardar ne zai ja layi ɗaya a kan lambar yadda za a iya karanta ta, ya rubuta daidai a sama, ya sa gajeren sa hannu da kwanan wata. Ko kuma ya sa a buga sabuwa a ɗora a gaba.

In zai zama sai ka yi rubutu a fayil, ka rubuta zuwa ga muƙaminsa, ba sunansa ba. Layi uku sun isa: an haɗa takardun farashi a shafi kaza zuwa kaza, jimillarsu naira 2,450,000 ce, ta shafi kaza kuma 2,540,000, ana miƙawa domin dubawa da umarni. Ka sa hannu, ka rubuta muƙaminka da kwanan wata. Da shuɗin biro ko baƙi za ka rubuta, ja da kore ka bar wa manya da masu binciken kuɗi.

Abu ɗaya da nake roƙon ka: kada ka ɗauki hoton shafin ka tura wa kowa a WhatsApp, ko da da sunan neman shawara ne. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, kuma hoto in ya bar wayarka ba ka san inda zai kwana ba. A zauren WhatsApp na ofis ma kada ka yi ko da habaici.

Sabon Ma'aikaci:

Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya. To in ya duba ya ce in mayar da fayil yadda yake fa?

Malamin Horar da Ma'aikata:

Sai ka ce "to, ranka ya daɗe", ka fita ba tare da musu ba, ka je ka yi rubutun nan da Hajiya ta faɗa, ka mayar masa da fayil ɗin ta littafin aika takardu, a sa hannu an karɓa. Wannan ba rashin kunya ba ne, aikinka ne. Daga nan duk wanda ya buɗe fayil ɗin a sama, mataimakin darakta ne ko darakta, zai ga lambobin biyu ba tare da ka taka ofishin kowa ba.

Zan ɗan saɓa wa Baba Akanta a wuri guda. Ladabi kada ya yi yawan da zai binne maganar. Yaranmu da yawa sukan shiga suna sosa ƙeya suna cewa "wataƙila ni ne ban iya lissafi ba", har oga ya ce to je ka sake dubawa, maganar ta mutu a nan. Sassauta murya, amma faɗi lambobin biyu a fili.

In abin ya wuce tuntuɓen yatsa, ka ga ana maimaitawa ko an ce ka sa hannu a abin da ka san ba haka yake ba, to kada ka sa. Rubuta takarda zuwa ga darakta, amma ta hannun shugaban sashenka, sunan muƙaminsa a ƙarƙashin na daraktan, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ka tsaya kan lamba da shafi da kwanan wata, ban da zargi, ban da maganar halinsa.

Kuma in ya gyara, maganar ta ƙare a cikin ofishinsa. Kada ka ba abokan aikin nan biyu labari, kada ka tuna masa ran da kuka samu saɓani. In ya ce maka "Allah ya yi albarka", ka amsa da amin, ka ɗauki fayil ka kai rajista a rubuta fitarsa kafin a tashi ƙarfe 4.