Mun cike kududdufi, ruwa ya biyo mu ɗaki

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum jama'a. A ƙauyenmu akwai tsohon kududdufi bayan masallaci, inda iyayenmu suka haƙi ƙasar gini. Muka yi ta zuba masa shara har ya cike, aka yanka filaye a kai. Tun daminar 2022 ruwan unguwa bai da wurin zuwa sai zaurukanmu, ɗakin gyatumata ma ya zube. Ɗan yayana mai karatun injiniya ya ce mu haƙa dausayi a gangaren gari, mai faɗi mara zurfi, a dasa ciyawa, ruwa ya tsaya ƙasa ta shanye. Ni kuwa sauro nake tsoro. Wa ya san kan abin nan?

Manomi daga Guri:
Wa alaikumus salam. Kome za ku dasa, don Allah ban da kacala, doguwar ciyawar nan mai tsirowa cikin ruwa. Mu muka san zafinta. Bayan dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992, hanyoyin ruwanmu suka daina ƙafewa da rani, kacala ta samu gindin zama. Ta toshe hanya, ruwa ya karkata gonaki, ga tsuntsayen jan-baki na kwana a cikinta suna cinye mana shinkafa. Ku nemi jema ku jera a baki-baki. Saiwarta na riƙe ƙasa, kuma inda ka ajiye ta nan za ka same ta.

Mai aikin kwalbati:
Yaron nan bai yi ƙarya ba, Alhaji, amma rami biyu ake yi. Na farko ƙarami, laka da leda su kwanta a ciki, a riƙa yashe shi da gayya kowane rani. Na biyu shi ne mai ciyawar, a bar masa mafita da aka jera wa duwatsu zuwa fadama. Sai dai ruwan unguwa kawai zai ɗauka. In kogin Haɗeja ne ya tumbatsa, wannan sai jinga.

Malamar asibiti:
Ƙwan sauro na ɗaukar kamar mako kafin ya tashi. In ruwan na wucewa cikin kwana uku, da sauƙi. A hana yara wanka a ciki saboda tsargiya, a kuma nesanta shi da rijiya.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka. Saura babbar: gangaren gonar gado ce ta mutum bakwai. Ranar Juma'a zan tayar da maganar gaban dagaci.