Shin fina-finan Toy Story sun dace da ƙananan yara?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, iyaye. Ina neman shawararku game da fina-finan katun na Toy Story, waɗanda suke ba da labarin kayan wasan yara da ke tashi su yi magana da zarar mutane sun bar ɗaki. Ina da yarinya 'yar shekara uku da rabi da yayanta ɗan shekara shida, kuma tare suke kallo saboda talabijin ɗaya ce a gidan. An rubuta cewa fina-finan na dukkan iyali ne, amma na fi son in ji daga bakin waɗanda suka zauna suka kalla da 'ya'yansu. Da wanne ya kamata in fara, kuma akwai wanda ya kamata in jinkirta?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Fim na farko ya fito ne a 1995 daga kamfanin Pixar tare da Disney, kuma shi ne dogon fim na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta. Na biyu ya biyo baya a 1999, na uku a 2010, na huɗu kuma a 2019. A Amurka dukkan huɗun sun sami alamar G, wadda ke nufin kowa zai iya kalla. Sai dai a Birtaniya hukumar tace fina-finai ta ba na farko alamar PG, wato a kalla da kulawar iyaye, alhali sauran ukun ta ba su U, alamar da ta fi sauƙi. A ganina masu tacewar Birtaniya sun fi kusa da gaskiya a kan na farkon, saboda yaron maƙwabta mai suna Sid, wanda aikinsa shi ne lalata kayan wasa. Yana fasa sojan roba da abin fashewa, yana ƙona goshin Woody, ɗan tsanar da ke jagorantar labarin, da gilashi a cikin hasken rana, kuma a ɗakinsa akwai kayan wasan da ya yanka ya haɗa da juna, ciki har da kan jaririn roba mai ido ɗaya da ke tafiya a kan ƙafafun ƙarfe irin na gizo-gizo. Daga baya an nuna cewa waɗannan halittun masu kirki ne, amma 'yar shekara uku ba za ta jira bayani ba kafin ta tsorata.

Maman 'Yan Biyu:
Nawa sun kalli na farkon suna da shekara biyar, kuma babu wanda ya yi kuka. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne kishin da Woody, kaboyin da ya saba zama ɗan lelen Andy, yaron da ya mallaki kayan wasan, ya yi wa Buzz, sabon ɗan sama jannatin da aka kawo ranar bikin zagayowar haihuwa. A lokacin ban daɗe da haifar ƙaninsu ba, saboda haka labarin ya ba mu hanyar yin magana a kan abin da yake damunsu ba tare da na tuhumi kowa ba. Ni dai ina ba da shawarar na farkon ga ɗan shekara shida ba tare da wata fargaba ba.

Malama Mai Nasare:
Na shekara da yawa ina koyar da yara 'yan shekara uku zuwa biyar, kuma ina so in ja hankalinmu ga wani abu da alamar G ba ta aunawa. Masu tace fim suna duba batsa, zubar da jini, munanan kalamai da makamantansu, kuma ta wannan fuska Toy Story ba shi da wani babban laifi. Abin da ba sa aunawa sosai shi ne nauyin labarin a zuciyar ƙaramin yaro. Dukkan fina-finan huɗu an gina su a kan tsoro guda ɗaya, wato tsoron a manta da kai, a bar ka a baya, ko a musanya ka da wani. Babban mutum yana kallon wannan ya tuna ƙuruciyarsa ya yi murmushi, amma ga yaron da har yanzu yake riƙe zanen mahaifiyarsa a ƙofar aji kowace safiya, wannan shi ne ainihin abin da ya fi tsoro a duniya.

Ƙari a kan haka, yara a wannan shekarun ba su gama rarrabe abin da yake na gaske da na wasa ba. Da yawa daga cikinsu sun riga sun ɗauka cewa 'yar tsanarsu tana jin yunwa tana jin sanyi. Idan aka nuna musu cewa kayan wasa suna motsi a lokacin da ba a ganinsu, wasu za su ji daɗi su riƙa leƙen akwatin kayan wasansu, wasu kuwa za su ƙi kwana a ɗakin da 'yar tsanar take. Uwa ce kaɗai ta san ɓangaren da 'yarta take.

Sai batun harshe. Fina-finan da Turanci suke, kuma rabin barkwancin a cikin magana yake. Yaron da bai iya Turanci sosai ba zai rasa kalaman da suke sassauta wurare masu ban tsoro, ya rage daga shi sai hoto da ƙarar kiɗa. Shi ya sa nake cewa idan za a kunna wa ƙaramar, a zauna kusa da ita ana faɗa mata abin da ke faruwa da Hausa, har ma a gaya mata tun da wuri cewa za su tsira. Ɓata wa yaro ƙarshen labari ba asara ba ce a wannan shekarun.

Maman Ilham:
Na gode, Malama. Ilham tana cikin masu lulluɓe 'yar tsanarsu da dare, don haka maganarki ta shige ni. To, idan aka tsallake na farkon, na biyu ya fi sauƙi ne?

Baban Sadik:
Ya fi sauƙi ta fuskar abin tsoro. Mugun da ke ciki wani mai kantin kayan wasa ne da ake kira Al, wanda ya sace Woody don ya sayar wa wani gidan adana kayan wasa a Japan, kuma ya fi ba da dariya fiye da tsoro. Wurin da yake da nauyi shi ne inda Jessie, wata 'yar tsana mai shigar kaboyi, take tuna yadda yarinyar da ta mallake ta ta girma, ta manta da ita a ƙarƙashin gado, daga baya ta ajiye ta a cikin kwalin kayan sadaka a bakin hanya. Mintoci kaɗan ne, kuma sau da yawa iyaye ne suke share hawaye, yaran suna kallonsu da mamaki.

Hajiya Kaka:
'Ya'yana, ni jikoki nake kallo da su, kuma wanda zan ce a ɗaga wa ƙafa shi ne na uku. Na san ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun mafi kyau, kuma na yarda ya cancanta, amma an yi shi ne da tunanin waɗanda suka kalli na farkon suna yara a 1995 suka kuma girma kamar Andy, wanda a cikinsa yake shirin tafiya jami'a. Kayan wasan sun tsinci kansu a gidan renon yara na Sunnyside, wanda da dare yake komawa kurkuku a ƙarƙashin wata 'yar tsanar beyar mai launin hoda da ake kira Lotso. Muryarsa mai taushi ce, yana tarbar baƙi da fara'a, sai daga baya muguntarsa ta bayyana, kuma irin wannan mugun ya fi rikita yaro fiye da wanda aka san shi tun daga fuska. Akwai biri mai jajayen idanu da ke gadi yana ƙara yana buga faranti. Sannan kusa da ƙarshe dukkansu suka gangara zuwa cikin wutar ƙona shara, suka ga babu mafita, suka riƙe hannun juna suna jiran ajali. An cece su, amma an ja wurin sosai kafin ceton ya zo. Jikata 'yar shekara huɗu ta ɓoye fuskarta a cinyata, kuma ta daɗe tana tambaya ko motar kwasar shara za ta ɗauki nata kayan.

Abban Fadila:
Hajiya, ina girmama ra'ayinki, amma ina ganin kada mu wuce gona da iri wajen kāre yara daga duk abin da zai sosa musu rai. Mu da muka tashi da tatsuniyoyin Dodo da ke haɗiye yara a bakin rafi mun ji tsoro, kuma mun koma washegari muna roƙon a sake ba mu. Ɗan shekara shida zai iya ɗaukar na ukun idan akwai babba a kusa, kuma zai amfana da ganin yadda Andy ya miƙa kayan wasansa ga ƙaramar yarinya Bonnie da hannunsa, yana gabatar mata da su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya Kaka:
Ba mu saɓa ba a kan ɗan shekara shida, Abban Fadila. Amma mai ba da tatsuniya tana kallon fuskar yaro, idan ta ga ya firgita sai ta rage murya ko ta gajarta labarin, talabijin kuwa ba ta san wanda yake gabanta ba. Maganata a kan ƙaramar take.

Maman Nu'aim:
Ina so in ƙara abubuwan da yara suke kwaikwayo, domin a gidana nan ne matsalar ta fito. A fim na farko Buzz ya hau kan makarin bene ya yi tsalle don ya tabbatar yana iya tashi sama, ya faɗo hannunsa ya cire, kuma ɗana ya ɗauki tsallen ya bar darasin, har sai da muka hana shi hawa bayan kujera. Akwai kuma ashana da rokar wasan wuta da Sid ya ɗaura wa Buzz a baya. Kalaman da kayan wasan suke jifan juna da su idan rai ya ɓaci, irin su wawa da rufe mini baki, ba su da yawa, amma yaro mai koyon Turanci su yake fara cafkewa. Ga masu son sanin komai tun kafin a kunna, ɗaya daga cikin abokan Woody asusu ne mai siffar alade, kuma akwai 'yar soyayya tsakanin Woody da Bo Peep, da kuma tsakanin Barbie da Ken a na uku. Ba ta wuce wasa da dariya ba, amma gara a sani.

Baban Sadik:
A kula kuma kada a haɗa fina-finan Toy Story da fim ɗin Lightyear na 2022, wanda yara suke ɗauka ci gaban labarin ne saboda sun ga Buzz a jikin hoton. Labarin yaƙin sararin samaniya ne, alamarsa PG ce a Amurka, kuma ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ba su bari an nuna shi a gidajen sinima ba saboda wani wuri da mata biyu ma'aurata suka sumbaci juna. Na huɗun kuwa yana da Forky, cokalin roba da Bonnie ta mayar abin wasa, wanda ƙananan yara suke matuƙar so, sai dai a kantin tsofaffin kaya akwai wasu 'yan tsana masu sanye da kwat, ba sa magana, kawunansu suna juyawa suna bin mutum da kallo. Waɗannan ko ni ban ji daɗin ganinsu ba.

Malama Mai Nasare:
Akwai kuma tsawon lokaci. Mafi gajarta a cikinsu shi ne na farko, minti 81, na uku kuwa ya haura minti 100. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allo, kuma idan an rage ya fi. Ke nan kowanne daga cikinsu sai an raba wa Ilham shi gida biyu. Abin da zan ba ki shawara, Maman Ilham, shi ne ki gwada ta da gajerun da ake kira Toy Story Toons, guda uku ne da suka fito a 2011 da 2012, kowanne bai kai minti goma ba, kuma babu Sid babu wutar shara a cikinsu. Idan kin ga ta saba da fuskokin tana dariya, sai ku kalli na biyu tare da rana, na farko da na uku kuma ki bar wa yayanta lokacin da take barcin azahar.