Wane suna za mu ba cutar alkamar nan da Turawa ke kira "blast"?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ta "rust" mun gama da ita, tsatsa ce: tsatsar kara, tsatsar ganye, da rawayar tsatsa mai jeruwa layi-layi. Saura "blast", wadda aka fara gani a jihar Parana ta Brazil a 1985, ta ɓulla a Bangladesh a 2016, ta shigo Afirka ta Zambiya a 2018. Wasu na rubuta "fashewar alkama", alhali babu abin da ke fashewa. Me kuka gani?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Malam, a cire fashewa. Kada kuma a sa ta cikin tsatsa. Tsatsa in ka shafa ganye ko kara za ka ga jan gari a yatsanka, iska ke kwasarsa, ba ta bin iri. Wannan kuwa tana bin iri, haka take tsallaka teku. Burtuntuna ma ba ta dace ba, ita baƙin gari take mayar da tsaba. Ni na fi son "furfurar alkama", domin abin da manomi ke fara gani ke nan: zangarniya ta yi fari fat, ganye na nan kore shar.

Mai Binciken Iri: Furfura ta yi daɗin faɗa, Malam, amma tana da haɗari. Abubuwa da yawa na sa zangarniya fari. Tsutsar kara na yi, sai dai ita in ka ja zangarniyar za ta zaro cikin sauƙi. Akwai kuma wata funfunar, Fusarium, mai barin ruwan hoda a gindin ƙwaya. In muka ce furfura, duk wanda ya ga fari zai ruga sayen magani.

Ga yadda ita "blast" ɗin ke aiki, ita ma funfuna ce ke kawo ta. Funfunar tana sauka a kan ƙashin zangarniya, wato sandar tsakiya da ƙwayoyi ke jere a kanta. Wurin sai ya yi baƙi-baƙi, daga baya toka-toka. Daga nan abinci ba ya wucewa sama. Abin da ke saman tabon ya bushe ya yi fari, na ƙasa ya ci gaba da nuna. In ta kama da wuri, lokacin fure, ba a samun tsaba ko kaɗan, in ta makara a samu tsamurarriya marar nauyi. Shaƙewa ce. Shi ya sa na ce "shaƙe-zangarniya", sunan da kansa zai sa mutum ya duba inda aka shaƙe.

Malamin Gona: Hajiya, na karɓa. Sunan zai kuma taimaka wajen feshi, don wanda aka riga aka shaƙe magani ba ya tashe shi. Ana fesa maganin funfuna mai haɗin tebukonazol daidai fitar kai, a maimaita bayan kwana 10 zuwa 15, kuma ko hakan ba ya isa in yanayi ya yi mata daɗi: zafi na digiri 25 zuwa 30, zangarniya ta daɗe a jiƙe. Shi ya sa shukar da aka makara ta fi shan wahala. Bangladesh da iri mai juriya ta fi samun sauƙi, BARI Gom 33 da ta fitar a 2017.

Alkamar ranin Kadawa da Haɗejiya bushewar hunturu na taimakonta, amma duk irin da za a shigo da shi daga waje sai an tantance an wanke da magani.

Mai Fassara: To ta shinkafa fa? Ita ma "blast" ake ce mata.

Mai Binciken Iri: 'Yan gida ɗaya ne, Magnaporthe oryzae, amma rassa daban, ta shinkafa ba ita ke cin alkama ba. Idan ta kama wuyan zangarniyar shinkafa, "shaƙe-wuya" ya zauna daidai.

Mai Fassara: Madalla. Na rubuta "shaƙe-zangarniyar alkama" a matsayin suna, furfura kuma ta tsaya a alama. Allah ya saka da alheri.