Wace kalma za mu ba replication timing a Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. A darasin kwafin DNA akwai abin da ake kira replication timing. An ba da shawarar "lokacin kwafi", amma bai kwanta mini ba. Ko akwai wadda ta fi ta?

Malamar bayoloji: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta maka ba, Malam. Duk wanda ya ji "lokacin kwafi" zai ɗauka matakin S ake nufi, wato kimanin awa 8 da tantanin ɗan Adam ke yi yana kwafe DNA ɗinsa kafin ya rabu biyu. Maganar a nan ita ce wa ke gaba, wa ke baya a cikin awannin. Haruffan DNA wajen biliyan 6 ne, kowane bakin kwafi (inda ake buɗe zaren ana kwafe shi) kuwa dubu ɗaya zuwa biyu yake ci a minti. Shi ya sa aikin ke tashi daga mafarai (wuraren da kwafi ke farawa) dubbai, kuma ba tare suke tashi ba. Yankunan da ke a buɗe, masu yawan ƙwayoyin gado da ke aiki, su ke fara shiga. Waɗanda aka ɗaure tamau a gefen cibiyar tantani sai can ƙarshe. Ni "jadawalin kwafin DNA" nake cewa.

Mai bincike: Na goyi bayan jadawali, Malama, domin kafin a soma aiki ake tsara shi. Dimitrova da Gilbert sun nuna a 1999 cewa tun farkon matakin G1, wanda ke zuwa kafin matakin S, ake tsayar da shi. Furotin RIF1 na cikin masu riƙon sa: yana janyo wani furotin, PP1, ya cire fosfet daga MCM, furotin da ke buɗe zaren DNA a mafari, sai mafarin ya zauna jiran layi. Kuma auna shi ake yi. A ba tantanai BrdU, wani sinadari mai kama da harafin DNA, na kamar awa 2 don ya shiga sabon zare, a ware su da na'ura gwargwadon yawan DNA da ke cikinsu, a zaƙulo zaren da ke ɗauke da BrdU, a karanta jerin haruffansa. Idan warewar ba ta yi tsabta ba, na farko da na ƙarshe su cakuɗe, zanen ya fito ba tudu ba kwari.

Mai fassara: To "juyi" fa a madadin kwafi? Juyar littafi tsohuwar Hausa ce.

Malamar bayoloji: Kalma ce mai daɗi, amma "juyin halitta" ya riga ya kama wurin, kuma a babi ɗaya za su haɗu. Yankunan ƙarshe sun fi tara canjin haruffa. Binciken 2009 da ya gwada mutum da birin cimfanzi ya ga bambancin ya fi yawa a can, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne gyaran kuskure ya fi kaifi a yankunan farko. Ka ga ɗalibi zai karanta juyi biyu a jimla guda, ya rasa na kamawa.

Mai bincike: Inda nake so a yi hattara shi ne fassarar early da late. Na ga masu rubuta "makara", kuma kuskure ne. Kuromosom X ɗin da aka rufe a tantanin mace a ƙarshe ake kwafe shi kullum, kuma lafiyarsa lau, layinsa ke nan. Makara ita ce yanki ya wuce lokacinsa har tantani ya shiga rabuwa bai gama ba. Haka ke faruwa a FRA3B da ke kuromosom 3, cikin ƙwayar gadon FHIT: wuri ne mai tsawo, mafaransa kaɗan. Ka ɗiga sinadarin afidikolin kaɗan ya rage wa aikin kwafi gudu, za ka ga giɓi ko karaya daidai nan a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ana yawan tarar da wurin a gutsure a tantanan ciwon daji (kansa).

Malamar bayoloji: To a rubuta "kwafin farko" da "kwafin ƙarshe", a bar wa matsalar "makarar kwafi". Sai dai a rubuce makara tana kama da ta ɗaukar gawa.

Mai bincike: Kwafin da ke biye da ita zai raba gardama. Abin da ban yarda ba shi ne a ce "jinkiri", don RIF1 da gangan yake jinkirtawa.

Mai fassara: Na gode, malamai. Na ɗauki jadawalin kwafin DNA da sauran ukun. Saura FRA3B da ire-irensa: "wuraren rauni" ko "makaryar kuromosom"?