Shuka a buhu kafin saukar damina: ina mai goyo za ta samu lokaci?

Maman Hanif (Fadaman Mada): Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu shuka a tsakar gida, yaya kuke yi da lokaci? Yara uku ne, ƙaramar tana baya, ga girki ga kai makaranta. Ina so in fara a bazarar nan amma ina tsoron wahalar banza.

Anty Bilki: Wa alaikumus salam. Buhu uku, kada ki ƙara ko ɗaya.

Ummu Sadiƙ: A wannan zafin? To, Allah ya ba da sa'a.

Hajiya Ladi (Yelwa): Maman Hanif, abin da ke karya wa mata gwiwa shi ne farawa da tumatir. Daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya haura digiri 35, furensa zubewa yake yi kafin ya ƙulla ɗa, attaruhu ma haka. Sai a yi wata biyu ana ban ruwa, ganye shar, ba ko ƙwaya ɗaya. Ki bar su sai sanyi ya shigo. Yanzu lokacin alayyahu ne, da lalo, da rama, da kuɓewa.

Ki samu tsohon buhun shinkafa, ki naɗe bakinsa zuwa rabi, ki huda gindinsa wuri 6 zuwa 8, ki ɗora a kan bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Haɗin ƙasa: bokiti 2 na baƙar ƙasa, 1 na yashi, 1 na kashin akuya da ya bushe ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi, kada ki kuskura. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, don haka ki cakuɗa rabin cokalin shayi da yashi cikin tafin hannu, ki barbaɗa, ki rufe sama-sama. In kin binne da zurfi ba zai fito ba. Kwana 3 zuwa 5 ya tsiro, sati 3 zuwa 4 kin fara yanka. Ki riƙa yanke sama kina barin tsawon yatsa, zai sake tohowa.

Ki jera buhunan jikin katangar yamma, rana ta same su da safe, inuwa ta rufe su bayan azahar. Lokaci kuma minti 10 ne bayan asuba kafin yara su motsa, sai wasu 10 bayan la'asar in manyan sun tafi Islamiyya. Wanda ya wuce haka, buhunan ne suka yi yawa.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri Hajiya. To ruwan fa? Kin san halin 'yan ga-ruwa a wannan watan.

Maman Biyu: Hali kuwa! Kullum jarka da sabon kuɗi.

Anty Bilki: Ki ajiye roba a inda ake alwala, ki haɗa da ruwan wankin shinkafa da na ganye. Buta ɗaya ta ishi buhu a kowane zubi, in dai kin rufe saman ƙasar da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa. Shi ke hana ta bushewa da wuri.

Ummu Sadiƙ: Ruwan wanki ma yana yi ai.

Anty Bilki: A'a ƙanwata. Bishiyar da ke ƙasa za ta iya jurewa, amma a buhu gishirin omo ba shi da wurin gudu, taruwa yake yi har bakin ganye ya ƙone.

Ummu Sadiƙ: Zogalen gidajen mutane duk ba ruwan wanki yake sha ba?

Hajiya Ladi: Ai abin da ta faɗa kenan, shi a ƙasa yake.

Malama Hauwa (Jahun): Ban ga an yi maganar yara ba. Ruwan da aka tara a bokiti a rufe shi ko a ɗaga sama, saboda mai rarrafe yana iya kifawa ciki ko da ruwan kaɗan ne. Irin da kuka gani ja ko ruwan hoda, magani aka shafa masa, a ɓoye shi kuma a wanke hannu. Manyan kuwa, kowa a ba shi gwangwanin madara da ƙwayar wake 2 ya shuka nasa. In ba haka ba naki za su tone don su ga ko ya fito.

Maman Biyu: Kajin maƙwabta sun fi yaran ɓarna.

Malama Hauwa: Tsohon gidan sauro da sanda huɗu, an gama.

Yaya Asabe: Ni dai a bar ni da ɗinkin hula, ko wata guda na manta da ita ba ta bushewa.

Maman Biyu: Sai dai yara su kwance miki zaren. Yaya, har yanzu a kasuwar Wunti kike saye?

Anty Bilki: Irin kuɓewa kuma, in kin saya a kasuwar Muda Lawal ki gwada tukuna. Ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, kwana 5. In ƙasa da 7 suka tsaga, tsoho ne. Ki jiƙa shi ya kwana kafin shuka, biyu kacal a buhu.

Maman Hanif: Buntun a ina ake samu?

Hajiya Ladi: Duk injin casar shinkafa da ke kusa da ke, ki aika yaro da buhu.

Yaya Asabe: A Wunti, Maman Biyu. Wace kala kike so?