Mawaƙi marar ubangida a Maradi: in nemi gudummawar masoya, ko roƙo ne?

Ɗan Bagalam:

Salamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lahiya. Ni matashi ne nan Maradi, shekara 4 kenan ina waƙa, gurmi da jita nike haɗawa, wani lokaci da kalangu in na samu mai bugawa. Ba ni da ubangida ba ni da furodusa, ɗinki nike yi da rana kusa da babbar kasuwa, abin da ya rage bayan cefane shi nike kaiwa sitidiyo, waƙa guda kahin ta hito tsakanin kiɗa da ɗaukar murya da gyara sai ta cinye mini kuɗɗin ɗinkin sati biyu, kilip kuwa ba a magana.

Abin da ya sa na kawo zancen ga, ran Jumma'a na hau kabu-kabu daga unguwar Zariya zuwa gida, yaron ya saƙala salula cikin hula yana jin waƙa, ina saurare sai na ji muryata ce, har yana bin amshi yana kaɗa kai. Na ce mai wa ya ba ka ita, ya ce wajen mai cajin waya anka tura mai cikin memori, dala 20 (sefa 100) waƙoƙi cike. Wallahi na ji daɗi har idona ya kawo ruwa, ban gaya mai ni ne ba, na biya shi na sauka. Amma da dare na kasa barci, don mai caji ya samu dala 20 nashi, ni da na yi waƙar ko ƙwandala.

To shawara biyu nike nema. Ta farko ina so in shirya wasa nawa na kaina bayan ƙaramar Sallah, ba na buki ba ba na siyasa ba, mutane su yanki tikiti su zo su zamna su ji waƙa. Ta biyu ina da gurup na WhatsApp na masoya, mun kai mutum 180, ina tunanin in ce duk mai hali ya riƙa turo dala 100 a wata don a riƙa hitar da waƙa. Sai dai babana da ya ji ya ce wannan ai roƙo ne da rigar zamani, kuma gidanmu ba maroƙa ba ne. Maganar ta tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni haske.

Mai Sono Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni sana'ata kenan hayar sono, wato kayan sauti, shekara da shekaru ina ɗaukar baf, manyan lasifikan nan, a ka daga buki zuwa buki, bari in yi maka maganar wasan don ita na sani.

Kar ka fara da babban wuri. Duk yaron da ya zo mini sai ya ce MJC, gidan matasa da al'adu, yake so ko ma filin kokowa na Kantu, don ya ga an cika shi lokacin kokowa, ai wannan takobi ake nema jiha da jiha ba kai anka zo gani ba. Mutum 150 cikin babban fili kamar an watsa gero ne cikin rairayi, kai kanka gwiwarka za ta yi sanyi kahin ka buɗe baki, amma mutum 150 ɗin nan cikin harabar wata lakwal mai zaman kanta ko farfajiyar da ake haya ta buki sai ka ga wuri ya cika maƙil har ana tsaye, hoton da za a ɗauka shi zai saida maka wasa na biyu.

Sannan ka zamna da biro da takarda ka rubuta komi kahin ka buga afish: hayar wuri, kujeru, sono, gurup na wuta (janareta) da esansi, masu tsaron ƙofa, abincin makaɗa da kuɗɗin motarsu, takardar izini daga meri da sanar da 'yan sanda. Gurup ɗin nan kar ka ce za ka yi tsimi a kanshi. Bara na yi ma wani yaro aiki, ya ce ai akwai kuran a unguwar ba sai an ɗauko gurup ba, waƙa ta uku yana tsakar amshi wuta ta tahi, wuri ya yi baƙi ƙirin, mutane sunka kunna tocilan salula suna jira kusan minti 40, yaron na tsaye riƙe da mikoro yana rawar jiki, daga baya rabinsu sunka watse wasu na neman a maida masu kuɗɗinsu a ƙofa. Har yau in na tuna shi sai in ji tausai, don muryar akwai ta.

Kuma babbar matsalar garin ga ita ce ƙofa. Kowa ɗan'uwanka ne, kowa abokin yayanka ne, kowa ku ɗaya a fada kuna shan shayi, duk za su zo su ce a gaya ma mawaƙi wane ne a waje. In kai ka tsaya ƙofa ko ƙanenka, ka tashi da bashi. Ka sa baƙon ido wanda bai san kowa ba, ka ware tikiti 20 na kyauta ka raba da hannunka tun da sauran kwana, shi kenan an rufe. Ka saida tikiti tun kahin ranar, in kuɗɗin da sunka shigo sati guda kahin wasa ba su biya wuri da gurup ba, ka ɗaga ranar, ba abin kunya ba ne.

'Yar Ali Ɗan Sofo:

Ɗan'uwa ni ina cikin masu jin waƙoƙin irinku kuma zan biya dala 100 ɗin da zuciya ɗaya, amma don Allah ku riƙa tunawa da mu wajen sa lokaci. Wasa a ce ƙarfe 9 na dare, a fara 11, wace mace ce za a bari ta hita a Maradi? Ka sa shi bayan la'asar a tashi kahin magariba, ko a tsaya a yi salla a ci gaba kaɗan, ka ware gefen mata da kujerunsu, ka rubuta haka a jikin afish ɗin yadda zan nuna ma maigida ya gani da idonshi. Mu ne fa masu liƙi a wajen buki, mu ne masu tura waƙa gurup gurup, amma in an tashi shirya wasa sai a yi kamar samari kaɗai ke da kunne.

Ɗalibi Dan Dicko:

Yayana, abin da kake tunani ana yin shi a duniya kuma yana da suna. Akwai shafin intanet Patreon, wani mawaƙin Amurka Jack Conte ne ya kafa shi da abokinshi a 2013 don ya ga miliyoyi na kallon waƙarshi a YouTube amma abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba, tsarin shi ne daidai naka, masoyi ya riƙa ba da wani abu duk wata. Akwai Bandcamp inda mawaƙi ke saida waƙarshi kai tsaye su cire kashi 15 cikin 100 na waƙar da aka sauke. Sai dai gaskiya waɗannan duka da katin banki suke aiki, yaron kabu-kabun da ka hau ba ya da shi, don haka mu nan Nita da Amana da Airtel Money su ne hanyarmu ta tura kuɗi, kuma sun ma fi sauƙi ga wanda ke Agadas ko Yamai yana son ya turo.

Kuma kar ka raina memorin nan da ta hana ka barci. Mdou Moctar, mai jitar nan ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinshi na farko a 2008, ba rediyo ba kamfani, daga salula zuwa salula ta Bluetooth da memori suka bazu har Mali, can wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai kamfanin waƙa Sahel Sounds ya ji su ya yi ta cigiyar mai muryar har ya same shi. Kuma lokacin juyin mulkin Yuli 2023 shi Mdou da makaɗanshi suna Amurka suna wasa aka rufe iyakoki suka kasa dawowa gida, masoyansu ne suka tara masu kuɗi ta shafin tara gudummawa GoFundMe suka riƙe su. Makaɗan ƙungiyar Tal National ma a Yamai da kansu suka riƙa saida faifansu a bakin titi suna wasa dare bayan dare kafin wani kamfanin Ingila, FatCat, ya fitar da su waje a 2013. Abin da zan ce ka gyara ɗaya ne, ka riƙa faɗin sunanka da lambar shiga gurup ɗin WhatsApp a farkon waƙa ko ƙarshenta, yadda duk inda mai caji ya tura ta, ta tafi da adireshinka. Sannan ka yi rajistar waƙoƙinka a BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa, tun kafin wani ya ɗora muryarshi a kan kiɗanka.

Spotify kuwa ka sa don a same ka, amma kar ka sa rai da kuɗinta yanzu, tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1000 a shekara ba ba su biyan komi a kanta.

Baba Na Mokoyo:

Ɗana, na karanta duka, kuma ina so in tsaya kan maganar mahaihinka don yaran ga sun tsallake ta, alhali ita ce ta hi damunka.

Mahaihinka bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Mu mun tashi mun iske makaɗi na bin sarki, na bin alhazan birni masu fataucin gyaɗa da atamfa, na bin 'yan kokowa da manoma, ya wasa mutum ya kira kakanninshi a ba shi riga ko doki, wanda ya hana a yi mai zambo. Shi ya sa mutanen da ke ganin duk wanda ya buɗe baki da waƙa hannu yake miƙawa. Amma akwai abin da ake ce ma ajo, tambayi tsohuwarka ta sani. Makaɗi ko wani mai jama'a in buƙata ta taso mai, aure ko gini ko tahiya, sai ya sa rana a yi wasa, abokai da masoya kowa ya zo ya aje abin da ya sawwaƙa a faranti, ana faɗi ana rubutawa, kuma ba wanda ke kiran wannan bara, don kowa ya san gobe in tashi ta taso za a zo mai. Haka gayya take a gona, haka adashi yake wajen mata. To abin da kake so ka yi ya hi kusa da ajo bisa ga roƙo, da sharaɗi guda: ka riƙe amana. In mutum 60 sunka turo dala 100, jikka 30 kenan, ƙarshen wata ka rubuta cikin gurup ɗin ga abin da ya shigo, ga abin da sitidiyo ta ci, ga ranar da waƙa za ta hito, kuma su fara jin ta kahin kowa. Ranar da ka sayi sabuwar salula da kuɗɗin waƙa ba ka faɗa ba, ranar ka zama abin da mahaihinka ke tsoro.

Inda ban yarda da ɗalibin can ba shi ne misalan da ya kawo, duka sai da Bature ya ji sannan anka ce an ci nasara. Ni ban so ka yi waƙa kana leƙen hanya ko wani zai zo daga Amurka. Daga nan zuwa Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji, Tasawa, ka ƙetara Dan Isa ka shiga Jibiya da Katsina duk harshenka ake ji, jama'ar ga ta ishe ka in ka riƙe ta da kyau.

Kuma ka yi hattara da mai kuɗɗi guda da zai ce zai ɗauke maka komi. Na ga yaro mai murya kamar sarewa, wani mai neman kujera ya saya mai babur da kayan kiɗa, shekara biyu ba ya waƙar komi sai sunan mutumen, da iska ta juya maigidan ya daina ɗaukar wayarshi, mutanen gari kuma sun riga sun sa mai suna mawaƙin wane, har yau bai dawo daidai ba, yana nan yana saida kiredi bakin tasha. Kai kuma kar ka saki ɗinkinka tukuna.

Ɗalibi Dan Dicko:

Baba na karɓi gyara, ban kawo su don a jira Bature ba, na kawo su ne don su ma da mutanen gida suka fara. Amma maganar ajo ban taɓa jin ta ba sai yau, zan tambayi kakata.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Baba jiya bayan isha'i na zamna da tsohona na karanta mai abin da ka rubuta, da na zo wajen ajo ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce shi ma ya taɓa zuwa na wani makaɗin kokowa yana saurayi har ya aje dala biyar. Bai ce ya yarda ba amma ya ce in na tashi rubuta lissahin in riƙa nuna mai kahin in tura, ni kuma hakan ya yi mini. Hajiya 'Yar Ali Ɗan Sofo, na sa wasan ƙarfe 4 da rabi, za a ware gefen mata. Mai Sono na samu wata farfajiya a Zariya mai cin kujera 120, mai wurin ya ce in kawo rabin kuɗɗi kahin azumi, don Allah ka duba saƙonka na turo maka lambata, ina so ka zo mu ga wurin tare ka gaya mini baf nawa zai isa da girman gurup ɗin da za a ɗauko.